Filin Manoma: Kuɗin Cizo, Da Yadda Za A Kashe Shi Ba A Halaka Iyali Ba

A makon nan za mu bar gona mu shiga ɗaki. Dalili kuwa shi ne wata takarda da ta zo mana daga wani manomi a Gagarawa Tasha, wanda ya roƙe mu kada mu buga sunansa. Ya ce tun da aka gama aikin kaka kuɗin cizo ya addabi gidansa, ɗaki uku ba mai barcin kirki, yara duk sun sosa jikinsu har ya yi gyambo. Ya sayi fiya-fiya sau biyu ya yayyafa, aka sami sauƙi na 'yan kwanaki, sa'an nan abin ya komo kamar ba a yi kome ba. Yanzu wani maƙwabcinsa ya ba shi shawara ya ɗauko ƙwayar nan da a ke jefawa cikin buhunan wake don kashe ƙwari, ya ajiye biyu ko uku a ƙarƙashin gado, ya rufe ƙofa. Shi ne ya ke tambaya ko ya yi hakanan.

To, Malam, ga amsarka tun kafin mu yi nisa: kada ka yi. Ko ƙwaya ɗaya kada ka shigar ɗakin da mutum ke kwana, ko ɗakin da ya haɗa bango da shi. Za mu faɗi dalili a ƙasa. Amma da ya ke mun san ba kai kaɗai ne wannan ƙwaro ya dama ba, akwai irinka da yawa daga Gumel har Maigatari da Sule Tankarkar waɗanda kunya ta hana su magana, mun ga ya kamata mu ba da filin nan duka ga wannan batu.

WANE NE KUƊIN CIZO?

Kuɗin cizo, wanda waɗansu ke kira gazunzumi, ɗan ƙwaro ne falale, ja-ja mai duhu, tsawonsa bai wuce rubu'in inci ba, kamar ƙwayar dawa da aka latse. Ba shi da fiffike, ba ya tashi, ba ya tsalle kamar ƙuma, tafiya kaɗai ya ke yi. Ba shi da wani abinci sai jini. Ba ya cin hatsi, ba ya cin tufa, ba ya cin dauɗa. Wannan magana ta ƙarshe a riƙe ta da kyau, gama za mu komo kanta.

Masana sun ce iri biyu ne ke damun ɗan Adam. Akwai na ƙasashen sanyi, wanda su ke kira Cimex lectularius, akwai kuma na ƙasashen zafi, Cimex hemipterus. Halinsu ɗaya ne, maganinsu ɗaya. Tsohon abokin gaba ne ƙwarai, don masu tonon kufai sun sami gawarsa a wani tsohon gari na Masar wanda ya fi shekara 3,000.

Da rana ya kan ɓuya cikin tsaga. Da dare, sa'ad da barci ya yi nauyi, ɗumin jikin mutum da numfashin da ya ke fitarwa su ne ke jawo shi. Ya kan sha jini kamar minti biyar zuwa goma, ya kumbura, ya koma maɓoyarsa. Mai barci ba ya jin cizon a lokacin, sai daga baya ƙaiƙayi ya taso. Waɗansu mutane ma ba sa ƙaiƙayi ko kaɗan. Shi ya sa za ka ga miji da mata a ɗaki ɗaya, ita tana kuka da cizo, shi yana cewa bai ga kome ba.

Ga inda wahalar ta ke. Macen ta kan zuba ƙwai ɗaya zuwa biyar kowace rana, fari, ƙarami kamar ƙwayar gishiri, ta manna shi cikin tsaga yadda tsintsiya ba ta fitar da shi. Ƙwan ya kan ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Ɗan da ya fito sai ya yi saɓa sau biyar kafin ya girma, kowace saɓa kuwa sai ya sha jini tukuna. A wuri mai ɗumi kamar ƙasarmu, cikin mako biyar ya isa haihuwa. Ku yi lissafi da kanku. In mace guda ta zuba uku a rana, a wata ɗaya ta zuba casa'in, kafin wata na biyu ya ƙare 'ya'yanta sun fara nasu. Har wa yau, babba ya kan yi watanni bai sha jini ba, bai kuwa mutu ba. Saboda haka wanda ya kulle ɗaki ya tafi ci-rani da nufin yunwa ta kashe su, in ya komo zai tarar suna jiransa.

YADDA YA KE SHIGA GIDA

Kuɗin cizo ba ya fitowa daga ƙasa, ba ya kuma fitowa daga gumi ko dauɗa kamar yadda waɗansu ke zato. Kawo shi a ke yi. Matafiyi ne, amma da ƙafar wani ya ke tafiya.

Ku dubi ƙasarmu. Gagarawa Tasha kanta hanya ce ta haife ta. Tun da aka kai hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru a 1930, wurin ya zama mahaɗar fatake da 'yan dako da masu awon gyaɗa. Yau mota ce ta karɓi yawancin aikin jirgi, amma zirga-zirgar ba ta ragu ba. Ran Alhamis ana cin kasuwar Maigatari, mutane na zuwa daga Nijar da kudancin Nijeriya, waɗansu su kwana biyu ko uku a ɗakin fatoma, a kan tabarmar da wani ya tashi daga kanta jiya. Ran Lahadi ga Gujungu. Masu sayen riɗi da zoɓo suna yawo ƙauye ƙauye. Da bazara ta ƙare 'yan ci-rani su komo daga Kano da Ikko da jakunkunansu. Yaran makarantun kwana su zo hutu da akwati da katifa, almajirai su komo da buzu da bargo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya ɗauko mace guda mai ƙwai a bakin ɗinkin jaka, bai sani ba.

Hanya ta biyu ita ce tsohon kaya: gado ko kujera ko katifa da aka saya hannu na biyu, da tufafin gwanjo, da bargon aro. Hanya ta uku kuwa maƙwabtaka ce, don in ɗaki ya cika su kan bi tsagar bango da azara su ƙetara na kusa.

Saboda haka kada kowa ya ɗauka abin kunya ne. A 2023 birnin Paris na Faransa ya rikice da maganar kuɗin cizo, ana saura shekara guda a yi wasannin Olamfik a can. A shekarar nan hukumar da ke lura da lafiyar abinci da mahalli ta ƙasar ta ba da rahoto cewa fiye da gida ɗaya cikin goma a Faransa ya yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022, ta kuma ce bai zaɓi talaka ya bar mai kuɗi ba. Abin da ya bambanta su shi ne mai hali ya fi saurin samun abin yaƙarsa. Tsabta ba ta hana shi shigowa. Amfaninta shi ne tana sa a gan shi da wuri, tana kuma rage masa wurin ɓuya. Matar da aka ga kuɗin cizo a ɗakinta ba ƙazama ba ce, kada miji ko kishiya su yi mata gori.

ƁARNAR DA YA KE YI

Har yanzu likitoci ba su sami shaidar cewa kuɗin cizo yana ɗaukar cuta daga wani ya kai wa wani a cikin gidaje ba. Ba ya kawo zazzaɓin cizon sauro, ba ya kawo ƙanjamau. Wannan abin godiya ne. Amma kada a ce don haka ba shi da illa.

Na farko, rashin barci. Manomin da bai runtsa ba, da safe ba ya iya riƙe garma yadda ya kamata, ga shi damina ba ta jiran kowa. Direba mai gyangyaɗi hatsari ne ga kansa da fasinja. Akawu ya yi kuskuren lissafi, yaro ya yi barci a aji. Na biyu, susa da farce mai dauɗa ta kan zama gyambo, musamman ga yara. Na uku, in sun yi yawa ƙwarai su kan rage jinin jariri ko tsoho ko mai ciki, waɗanda dā ma jininsu ba shi da yawa. Na huɗu, asarar kuɗi: magani bayan magani, da katifar da aka ƙone cikin fushi alhali kuwa ana iya cetonta.

Akwai kuma abin da manoma da yawa ba su sani ba. Kuɗin cizo yana shan jinin kaji. In ya sami akurki mai tsaga ya kan zauna ciki, kaji su rame, ƙwai ya ragu, mai kwanci ta tashi ta bar ƙwanta. Wanda ya gyara ɗaki ya bar akurkin da ke jingine da bangonsa, ya kashe maciji bai sare kai ba.

Na biyar, wanda ya fi duka muni: waɗansu su kan jefar da gidan sauro, wai a cikinsa ƙwaron ke ɓuya. Gaskiya ne ya kan laɓe a bakin ɗinkinsa. Amma kuɗin cizo ƙaiƙayi ya ke sa wa, sauro kuwa kisa ya ke yi. A duba gidan sauron, a murƙushe abin da aka gani, a wanke shi da sabulu da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, a mai da shi.

ME YA SA MAGANI BA YA CI?

Dattawa za su tuna lokacin da feshi ɗaya ke share ɗaki. A 1939 wani masani na ƙasar Suwizalan, Paul Müller, ya gano cewa DDT na kashe ƙwari, har aka ba shi kyautar Nobel a 1948. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka baza shi ko'ina, kuɗin cizo ya kusa ɓacewa a Turai da Amurka. Amma tun a 1947 aka fara ganin waɗanda DDT ba ya kashewa a tsibirin Hawaii. Yadda abin ke faruwa kuwa ba wuya ne a gane ba. In aka fesa magani ya kashe casa'in da tara ya bar ɗaya mai taurin rai, wannan ɗayan shi zai haifi na gaba, 'ya'yansa su gaji taurinsa. Kamar manomi ne da ke zaɓen iri, sai dai nan mugun iri a ke zaɓa ba da niyya ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 ƙwaron ya sake bazuwa a duniya, ya komo da ƙarfinsa.

Mu ma nan ba baƙin feshi ba ne. A ƙasar Garki, maƙwabciyarmu, Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun yi babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976, aka bi ƙauyuka ana fesa wani magani mai suna propoxur a bangon ɗakuna a 1972 da 1973. Don sauro aka yi wannan aiki, amma kowane magani da aka sa a ɗakin kwana, na bango ne ko na gidan sauro ko na gwangwani, yana taɓa kuɗin cizo, yana kuma koya masa jimiri. A ƙasar Tanzaniya masu bincike sun ba da labari a 2002 cewa a ƙauyukan da aka daɗe ana amfani da gidan sauro mai magani, da fari kuɗin cizo ya ɓace, daga baya ya komo, maganin ba ya kashe shi.

Akwai dalili na biyu da ya sa Malam na Gagarawa Tasha ya fesa sau biyu a banza. Yawancin magunguna ba sa kashe ƙwai, ba sa kuma isa can cikin tsaga. Manyan da ke fili sun mutu, aka yi murna, bayan kwana goma ƙwai ya ƙyanƙyashe, aka koma gidan jiya. Ƙara yawan magani ba ya gyara wannan, sai dai ya ƙara wa iyali guba.

ƘWAYAR BUHU DA FIYA-FIYA

Yanzu mu komo kan shawarar maƙwabcin nan. Ƙwayar da a ke sa wa a hatsi, wadda a ke sayarwa da suna Phostoxin da waɗansu sunaye, in ta sha raɓar iska sai ta fitar da wata iska mai guba da a ke kira fosfin. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na wannan iska, ta kan kuma yi kwanaki tana fitarwa. Wani lokaci a kan ji wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma kada a dogara da wari. Iskar tana bin tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa da saman rufi ta shiga ɗakin da ba a sa ta ba. Wanda ya shaƙe ta zai fara da ciwon kai da amai da ƙuncin ƙirji, a ɗauka abinci ne ya ɓata masa ciki, kafin a farga zuciya ta gaza. Ba ta da makari, ko a babban asibiti sai dai a tallafi mutum a yi addu'a. Yara ne ke fara faɗuwa.

Ba zato mu ke yi ba. A watan Fabrairu na 2015, a garin Fort McMurray na ƙasar Kanada, wani iyali sun sa irin wannan ƙwaya a gidansu don kashe kuɗin cizo, yara biyu 'yan gida ɗaya suka rasu. A watan Disamba na 2021 a birnin Landan, wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu bayan da aka sa ƙwayar a gidan da ke ƙarƙashin nasu, ita ba ta ko shiga ɗakin ba. In haka ta faru a ginin siminti, ina ga ɗakin ƙasa mai azara da zana? Garin gyaran gira kada a rasa ido.

A nan za mu ja kunnen 'yan kasuwa da manoma baki ɗaya. Buhun wake ko na masara da aka sa wa ƙwayar nan, kada a jibge shi a ɗakin kwana ko a zauren da almajirai ko masu gadi ke kwana. Wanda zai adana wake a cikin gida ya nemi buhun nan mai hawa uku da a ke kira PICS, wanda aka fara bazawa a Afirka ta Yamma a 2007. Shi iska ya ke toshewa, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba.

Fiya-fiya kuwa, da Sniper da 'yan'uwansa, abin da ke cikinsu shi ne dichlorvos. Maganin gona ne, ba na shimfiɗa ba. Yana shiga jiki ta fata da ta numfashi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna saboda yawan mutanen da ya hallaka. Shi ne kuma ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Na kwalabar da ba ta da takarda ya fi muni, don ba wanda ya san abin da aka dama a ciki. Gamalin kuma an hana shi tun 2008, in wani ya kawo muku ku ƙi. Kalanzir da fetur da waɗansu ke zuba wa gado, su kuwa gobara ce ke jiran ashana.

In tsautsayi ya sa wani ya shaƙi guba, alamun fiya-fiya su ne dalalar miyau, gumi, amai, ƙanƙancewar baƙin ido da wahalar numfashi. A fito da shi iska nan da nan, a tuɓe masa tufa, a wanke jikinsa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi. A kai shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Gumel, a tafi da kwalabar don likita ya gani. In ƙwayar buhu ce, kowa ya fita daga gidan, har wanda bai ji kome ba.

ABIN DA ZA A YI

Makamin da ya fi ƙarfi, Allah ya ba mu shi kyauta, watau zafi. Babban kuɗin cizo ya kan mutu in ya yi kamar awa ɗaya da rabi cikin zafin digiri 45. Ƙwai ya fi tauri, sai zafi ya kai 48 ya kuma wuce awa guda. Tafasasshen ruwa kuwa yana kashe uwa da ƙwai nan take, ba kuwa ƙwaron da ya taɓa koyon jimirinsa. Ga yadda za a bi.

Da fari, a bincika. A ɗauki tocila a duba bakin ɗinkin katifa da matashi, da mahaɗar gado, da ramin ƙusa, da bayan hotuna da kalanda, da ƙarƙashin ledar ɗaki, da cikin kabad ɗin kwanuka, da tsagar bango kusa da inda a ke kwana. Abin nema shi ne ɗigo-ɗigo baƙi kamar na tawada, wanda shi ne kashinsa, da saɓarsa, da farin ƙwai, da tabon jini a zanen gado. A duba dukan ɗakuna, har zaure da akurki.

Na biyu, a zaɓi rana guda a yi wa gidan duka. In aka yi ɗaki ɗaya yau, ɗaya jibi, ƙaura kawai za su riƙa yi. Kada a kwashi kaya daga ɗaki mai ƙwaro a kai ɗaki mai lafiya. A ƙulle su cikin leda tun a ciki kafin a fito da su tsakar gida.

Na uku, tufafi da zannuwan gado da labule da bargo: a zuba su a babban baho, a kwarara musu ruwan da ya tafasa, a rufe, a bar su su jiƙa kafin a wanke. Abin da ba ya son ruwan zafi a bi shi da dutsen guga, a danna sosai a kan ɗinki da lanƙwasa. A kau da yara daga wurin tukunya.

Na huɗu, gado. Na ƙarfe da na katako a kwance su gaɓa gaɓa, a fitar waje, a zuba tafasasshen ruwa da buta a kowace mahaɗa, a goge da burushi da sabulu. Gadon kara da tsohuwar tabarmar kaba ba su da tsada, maɓoyarsu kuwa ba ta ƙirguwa, a ƙone su a yi sababbi. Gadon ƙasa a sake yaɓe shi.

Na biyar, katifa. A nan mutane ke ruɗuwa. Ranar bazara ta ƙasarmu, wadda ke wuce digiri 40 a inuwa cikin Afrilu da Mayu, tana aiki ƙwarai a kan abu marar kauri: tabarma, buzu, takalmi, jaka, littafi. A sa su cikin baƙar leda a ɗaure, a shimfiɗa a rana tun hantsi har la'asar, kada a tara su tsibi. Amma katifa mai kauri, sama na zafi ƙasa na sanyi, ƙwaron sai ya gangara ya laɓe. Saboda haka a fara bin bakin ɗinkinta da burushi da dutsen guga, a shanya ta a kan kwanon rufi ko siminti ana juyawa, sa'an nan a sa ta cikin leda mai kauri a liƙe ruf, a ɗora zane a kai a ci gaba da kwana. Wanda ke ciki ba shi da hanyar fita. Kada a buɗe sai shekara ta zagayo, in ledar ta huje a liƙe. Katifar da ta yayyage ƙwarai a ƙone ta. Kada a yar a bola, kada kuma a kai kasuwa, gama wanda ya sayar wa ɗan'uwansa katifa mai ƙwaro yana sane ya ci amana.

Na shida, ɗakin kansa. A share, a ƙone sharar. A toshe kowace tsaga da yaɓe ko siminti, a gyara daɓe, a shafa farar ƙasa. Farin bango yana sa a ga ƙwaro tun yana ɗaya. In akwai jemagu a rufi a toshe musu hanya, don su ma suna da irin nasu kuɗin cizo mai cizon mutum.

Na bakwai, a janye gado daga bango kamar taƙi guda. A sa kowace ƙafarsa cikin gwangwani mai ruwa da ɗan sabulu, a riƙa sake ruwan kowane kwana biyu ko uku don kada sauro ya yi ƙwai. Kada zane ko gidan sauro ya taɓa ƙasa ko bango. Da safe a duba gwangwanin, shi zai gaya muku ko yaƙin na ci.

Na takwas, in lalle sai an sa magani, a nemi shawarar duba-gari na ƙaramar hukuma ko malamin gona. A sayi wanda ke da lambar NAFDAC, wanda takardarsa ta ce na cikin gida ne, a bi awon da aka rubuta. A tsaga a ke fesawa, ba a kan shimfiɗa ba. A fitar da abinci da ruwan sha da yara da kaji, mai feshi ya rufe hanci da hannu, kada a koma ɗakin sai ya sha iska.

Na tara, wanda shi ne ginshiƙin duka: a sake. Bayan kwana goma a maimaita bincike da ruwan zafi, bayan wata kwana goma a kuma. Dalili, ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe, amma ɗan bai isa haihuwa ba tukuna, nan ne a ke yanke zuriyar. In aka yi mako shida ba cizo, ba sabon ɗigo, ba kome a gwangwani, to, a gode wa Allah.

AIKIN UNGUWA NE

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gidan haya ko gidan gandu, in mutum ɗaya ya gyara nasa sauran suka yi shiru, wahalar banza ya yi. Muna roƙon masu unguwanni da limamai su ɗaga maganar a fili don kunya ta kau. Fatomomin Maigatari da masu masauki su riƙa fitar da tabarmi rana kowace Juma'a bayan an watse kasuwa. Malaman makarantun allo da shugabannin makarantun kwana su sa rana guda kowane wata ta shanya da tafasa ruwa. Direbobi su duba ɗinkin kujerunsu.

Kai kuma mai gida, rigakafi ya fi magani. Wanda ya komo daga tafiya, ɗanka ne ko ƙanenka ko kai kanka, jakarsa ta tsaya tsakar gida tukuna, tufafinsa su ga ruwan zafi kafin su ga ɗaki. Gwanjo a tafasa ko a goge kafin a sa. Gado ko kujera ta hannu na biyu a duba ta da rana tsaka kafin a biya kuɗi.

Malam na Gagarawa Tasha, abin da za ka kashe a wannan aiki itace ne da sabulu da leda, da haƙurin kwana ashirin. Ka kai wa maƙwabcinka jaridar nan ya karanta, ko ka karanta masa, don da kyakkyawar niyya ya ba ka shawara, kada ya je ya gwada a nasa gidan. In ka gama ka rubuto mana yadda aka ƙare. Allah ya ba mu lafiya da barci mai daɗi, ya kai mu damina lafiya, amin.